Mace a Kan Sirdi: Daga Bargar Kaduna Zuwa Kofin Melbourne

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune wajen mai shayi a nan Ogui sai wani abokinmu ya miƙo waya ya ce mu zo mu ga abin mamaki. Bidiyon ƙwallon dawaki ne, wato folo. Dawaki takwas a guje, ƙura ta turnuƙe, sai ga ɗaya daga cikin mahayan ya kwanto gefe ya tsinke ƙwallo da sanda. Da aka tashi ya cire hular kwano, ashe mace ce. Sunan da aka rubuta a ƙasan bidiyon shi ne Neku Atawodi.

Nan fa musu ya kaure. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne. Wani ya ce ai 'yar masu kuɗi ce kawai, an ɗora ta a kan dokin da wani ya sha wahalar horarwa. Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin barga a Fatakwal, yana gefe yana kurɓar shayinsa. Na ce masa, "Baba, ku da kuka san abin, yaya kuka gani?" Ya karɓi wayar, ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya ce, "Yaro, doki bai san ɗan wane ba, hannu ya sani. Wannan ta share barga kafin ta hau sirdi. Dubi yadda ta saki linzami."

Ni dai cikin shanu na tashi, sana'ar mahaifina ke nan. Dawaki kuwa sai dai in ga an wuce da su a tirela an nufi kasuwar Obollo-Afor. Amma maganar dattijon nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin lamarin. Abin da na fahimta shi ne abubuwa uku ne muke cakuɗawa: hawan doki daban, horar da doki daban, a san da kai a rubuta sunanka kuma daban. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wace ce Neku Atawodi?

Cikakken sunanta Uneku Atawodi, bayan ta yi aure ake kiranta Neku Atawodi-Edun. A Kaduna ta tashi, kuma a filin folo na Kaduna ta fara sabawa da dawaki tun tana yarinya. Wanda ya san Kaduna ya san ba ƙaramin wuri ba ne a wannan harka, domin a can ake buga gasar Kofin Georgian, wanda ake fafatawa a kansa tun 1919. A wajen gari kuma, ta hanyar Jos, akwai filin Fifth Chukker da ke Kangimi, inda 'yan wasa daga ƙasashen waje ke zuwa.

Ta sha faɗa a hirarrakinta cewa iyayenta ba su so abin ba da farko. Kuma gaskiya ba za ka ga laifinsu ba. Wasa ne mai haɗari, mai cin kuɗi, ga shi duk filin maza ne. Da ta je Ingila karatu sai ta nemi aikin barga, tana kwashe kashin doki tana wanke su, don ta samu damar hawa. Ba ta tsaya nan ba, ta shiga jami'a ta karanci kimiyyar dawaki, wato yadda jikin doki yake aiki, abincinsa, raunukansa da yadda ake shirya shi don wasa. Daga nan ta buga folo a ƙasashe da dama, har jaridun gida da na waje suka riƙa kiranta baƙar fata mace ta farko da ta mai da folo sana'a. Gidan talabijin na CNN ya yi shiri a kanta. Ta kafa wata gidauniya mai suna Ride to Shine da ke koya wa marayu hawan doki tare da tallafa wa karatunsu, kuma a 2016 mujallar Forbes ta sa ta cikin jerin matasan 'yan kasuwa 30 na Afirka da ake sa wa ido.

Kun ga ke nan dattijonmu bai yi kuskure ba. Bai taɓa jin sunanta ba, amma daga zamanta a kan sirdi ya gane ta yi aikin ƙasa.

Yadda wasan yake, ga wanda bai taɓa gani ba

Mu da ke Inugu kullum muna kiran Polo Park, amma yanzu kanti ne ake shiga sayayya, sunan kawai ya rage. Yawancinmu ba mu taɓa ganin wasan da idonmu ba. To ga shi a taƙaice.

Kowane ɓangare mutum huɗu ne. Filin ya fi mita 270 a tsawo, faɗinsa kuma ya kusa mita 150. Ana buga wasan zango-zango, 'yan wasa suna kiran kowane zango caka, kuma minti bakwai ne. Wasa ɗaya yakan ɗauki caka huɗu zuwa shida. Da hannun dama kaɗai aka yarda a riƙe sanda, ko da kai bahago ne, don kada mahaya biyu su yi gaba da gaba. Hannun hagu shi ke riƙe da linzami. Saboda tsananin gudu da juyi, doki ɗaya ba ya iya ɗaukar wasan duka, kusan kowace caka sai an sauya. Shi ya sa ɗan wasa ɗaya yake buƙatar dawaki da yawa, kuma shi ya sa ake ce masa wasan sarakuna da attajirai.

Kowane ɗan wasa yana da maki da hukuma ke ba shi gwargwadon iyawarsa, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa goma. Masu maki goma a duniya ba su da yawa, kuma yawancinsu 'yan Ajantina ne. Abin lura a nan shi ne folo na cikin wasanni ƙalilan da dokarsu ta yarda mace da namiji su buga a ƙungiya ɗaya, a fili ɗaya. Dalili kuwa a bayyane yake. Ƙarfin gudu na doki ne. Abin da ake nema wajen mahayi shi ne ido, daidaiton zama, natsuwa da sanin dabba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan wasa. Turawan mulkin mallaka suka fara buga shi a Legas a 1904, amma Katsina ce ta rungume shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa shi a garinsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a wasan, haka kuma Janar Hassan Usman Katsina. Yau in ka shiga bargar filin folo a Legas ko Fatakwal, Hausa za ka fi ji ana yi, domin yawancin masu kula da dawakin yaranmu ne na Arewa.

Horar da doki: aikin da ba a gani a bidiyo

Abokinmu da ya ce wani ne ya horar da dokin, ya taɓo gaskiya ba tare da ya sani ba. A kowane wasan doki, rabin nasara ko fiye a barga ake samo ta, watanni kafin ranar wasa.

Ana fara wa dukushi da sabo. A sa masa ragama, a riƙa shafa shi, a koya masa bin mutum, a koya masa ɗaga ƙafa don a duba ƙofato. Sai a riƙa zagaya da shi da doguwar igiya har ya san muryar mai shi, ya san tafi, ya san tsaya. Bayan nan linzami, sannan sirdi ba kowa a kai, sai daga baya a hau. Dokin folo akan fara masa horo na sosai yana wajen shekara uku, kuma yakan ɗauki watanni da yawa, wani har shekara biyu, kafin a shiga da shi wasa. Sai ya koyi juyawa da taɓin linzami a wuya kawai, tunda hannu ɗaya ne ke riƙe da shi. Sai ya koyi tsayawa cak daga cikin gudu, ya daina tsoron sanda tana wucewa ta gefen idonsa, ya yarda ya goga kafaɗa da wani doki a guje. Duk wanda ya yi gaggawa a nan, ko dai ya karya dokin ko ya mai da shi matsoraci.

Sai maganar ciki. Mu masu shanu mun saba da dabbar da ke cika tumbi ta kwanta tana tuƙa. Doki ba haka yake ba. Cikinsa ƙarami ne, ba ya tuƙa, kuma ba ya iya amai. In ka cika masa dawa ko dusa a lokaci ɗaya, ko ka sauya masa abinci kwatsam, ciwon ciki na iya kashe shi a dare ɗaya. Don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa, harawa da ciyawa su fi hatsi yawa, ga ruwa mai tsabta da zai kai lita 30 ko fiye a rana idan ana zafi. Mai horarwa na gaske yakan san bugun zuciyar dokinsa, wanda in yana hutawa bai cika wuce 40 a minti ba, in yana sukuwa kuma yakan haura 200. Kowace safiya yakan shafa ƙafafu huɗun nan yana neman zafi ko kumburi, domin yawancin dawakin wasa ta ƙafa suke lalacewa.

A nan Kudu aikin ya ninka. Ga ƙudan tsando mai kawo sammore, ga kaska, ga ruwan sama na wata da watanni da ke jiƙa ƙofato har ya ruɓe, ga harawa sai an ɗauko ta daga Arewa. Duk wanda ya riƙe doki a Fatakwal shekara biyar lafiya lau, wallahi malami ne, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Akwai kuma inda ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Linzaminmu na gargajiya mai zoben ƙarfe yana da tsanani ƙwarai. Ku lura da bakin wasu dawakin bayan hawan Sallah, za ku ga kumfa da jini. Dokin da aka saba fizgarsa bakinsa mutuwa yake, daga nan sai ka ƙara ƙarfi, shi kuma ya ƙara taurin kai. Abin da dattijonmu yake nufi da "ta saki linzami" ke nan. Hannu mai taushi alama ce ta wanda ya san aikinsa.

Wadda ta haɗa biyun: Michelle Payne

In ana neman mace da ta ci babbar gasa a kan sirdi sannan ta koma ta buɗe bargar horarwa da sunanta, sai a tafi Ostireliya. An haifi Michelle Payne a 1985, ta tashi a wata gona kusa da garin Ballarat a jihar Victoria. Ita ce auta a gidansu. Tana da wata shida mahaifiyarta ta rasu a haɗarin mota, mahaifinsu Paddy Payne, mai horar da dawakin tsere, shi ya rene su. Yawancin yayyenta mahaya ne, ita ma tana shekara 15 ta shiga sana'ar, kuma tserenta na farko da ta ci a kan dokin da mahaifinta ya horar ne.

A watan Maris na 2004 ta faɗo daga kan doki ana cikin tsere a filin Sandown, ƙoƙon kanta ya tsage, ƙwaƙwalwarta ta bugu. 'Yan uwanta suka so ta haƙura haka nan. Ta yi jinya ta dawo. A 2009 ta ci gasarta ta farko a rukuni mafi girma, a kan dokin shahararren mai horarwa Bart Cummings, kuma a shekarar ta fara shiga Kofin Melbourne, inda ta zo ta 16.

Shi Kofin Melbourne shi ne babban tseren ƙasar. Tun 1861 ake yin sa a filin Flemington, yanzu kuma ranar Talatar farko ta watan Nuwamba ake yin sa, tsawon mita 3,200. A birnin Melbourne hutu ake bayarwa ranar. Ranar 3 ga Nuwamba, 2015, dawaki 24 suka fito. Michelle tana kan wani doki mai suna Prince of Penzance, wanda ba wanda ya sa shi a lissafi. Masu caca sun ƙiyasta damarsa ɗaya cikin ɗari. Yayanta Stevie, wanda aka haifa da lalurar da likitoci ke kira Down syndrome, shi ne mai kula da dokin a barga, kuma shi ya zaro musu ƙuri'ar ƙofa ta ɗaya, wadda ke jikin shinge inda hanya ta fi gajarta. Ta lallaɓa dokin cikin ayari, ba ta ƙona masa ƙarfi da wuri ba, sai da aka miƙe layin ƙarshe ta samu kafa ta sake shi. Ta riga Frankie Dettori, ɗaya daga cikin manyan mahayan duniya, wanda ya zo na biyu. A tsere na 155, ita ce mace ta farko da ta ci kofin a kan sirdi.

Tana saukowa, a gaban kyamara, ta faɗi cewa wasu daga cikin masu dokin sun so a sauke ta a ɗora namiji, ta kuma ce harkar cike take da raina mata. Maganar ta zagaya duniya kamar yadda nasarar ta zagaya.

Wata shida bayan haka, a Mayun 2016, ta sake faɗuwa a garin Mildura, har sai da aka yi mata babban aiki a ciki. A shekarar ce ta karɓi lasisin horar da dawaki, ta riƙa horarwa tana kuma hawa. Ba a ce ba ta taɓa tuntuɓe ba. A 2017 an dakatar da ita mako huɗu saboda gwaji ya nuna ta sha wani maganin rage cin abinci da doka ta hana. Wannan ya nuna irin matsin da mahayan tsere ke ciki a kan nauyin jiki, domin a ranar kofin nan, ita da sirdinta duka kilo 53 aka yarda dokin ya ɗauka. A 2024 ta ajiye hawan tsere ta koma horarwa gaba ɗaya.

Karramawa kuwa ta same ta. A 2016 an ba ta lambar The Don, wadda zauren tarihin wasannin Ostireliya ke bai wa ɗan wasan da ya fi zaburar da ƙasa a shekara. A 2019 aka fitar da fim a kan rayuwarta mai suna Ride Like a Girl, inda Stevie ya fito a matsayin kansa. A 2021 gwamnati ta ba ta lambar girma ta ƙasa. A 2025 kuma, shekara goma cif bayan nasararta, wata mace, Jamie Melham, ta ci kofin a kan doki mai suna Half Yours.

Sunan wa ake rubutawa?

Nan ne maganar ta fi taɓa ni. A 1938 wani doki daga ƙasar New Zealand mai suna Catalogue ya ci Kofin Melbourne. Wadda ta horar da shi mace ce, ana kiranta Granny McDonald. Amma dokar wurin a lokacin ba ta yarda mace ta zama mai horarwa ba, sai aka rubuta sunan mijinta a littafi. Sai a 2001 aka samu mace ta farko da aka rubuta sunanta a hukumance, Sheila Laxon, da dokinta Ethereal.

A Ingila ma haka abin yake. Mata suna horar da dawaki, amma lasisin da sunan babban yaron barga ake yankarsa. Wata mata mai suna Florence Nagle ta yi shekara da shekaru tana nema ana hana ta, har ta kai hukumar tseren ƙasar kotu. A 1966, tana da shekara 71, hukumar ta sauko ta ba ta lasisi. Shekara 17 bayan haka, a 1983, Jenny Pitman ta zama mace ta farko da dokin da ta horar ya ci tseren Grand National.

Kar a ɗauka suna kawai ake nema don a ji daɗi. Kuɗi na bin sunan. A Kofin Melbourne, kashi 85 cikin ɗari na kyautar na masu doki ne, kashi 10 na mai horarwa, kashi 5 na mahayi. A 2015 kyautar wanda ya zo na ɗaya dalar Ostireliya miliyan 3.6 ce. Ku lissafa kashi goma da kanku. Wanda sunansa ke kan takarda shi ke karɓa, shi kuma ake kawo wa sababbin dawaki gobe. Takardar nan kuma tana da haƙora. Darren Weir, wanda ya horar da Prince of Penzance, an kore shi daga harkar na shekara huɗu a 2019 bayan an samu na'urorin jona wa doki lantarki a wurinsa.

To ku dawo gida. Yaro ya baro Katsina ko Maigatari, ya yi shekara goma sha biyar a bargar wani attajiri. Shi ke tashi da asuba, shi ya san dokin da ke ɗingishi tun kafin ido ya gani, shi ya koya wa dokin juyi da tsayawa. Ranar da aka ci kofi, wa ake ɗauka hoto? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Halin da Granny McDonald ta shiga a 1938, shi ne halin da 'yan uwanmu maza da yawa ke ciki yau. Abin da ya bambanta Neku da su bai wuce biyu ba: ta samu takardar da ke shaida iliminta, kuma tana da gata da bakin da za ta faɗi sunanta a ji.

Tambayoyin da iyaye za su yi

Na san wani zai ce, to Malam, duk wannan na Turawa ne da 'yan boko, ina ruwan 'yar Musulmi da shi? Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a yi mata dariya ba.

Ta fuskar sutura, akwai misali. Khadijah Mellah, Musulma 'yar unguwar Peckham a Landan, ta koyi hawa a wata ƙungiyar yaran unguwa da ke Brixton. Ranar 1 ga Agusta, 2019, tana da shekara 18, ta ci tseren Kofin Magnolia a filin Goodwood a kan doki mai suna Haverland, da hijabinta a ƙarƙashin hular kwano. Tsere ne na mata zalla, na tara kuɗin taimako. Ita ce ta farko da ta yi tsere da hijabi a Birtaniya.

Ta fuskar caca, gaskiya ne tseren dawaki a Ingila da Ostireliya a ɗaure yake da ita, kuma mu mun san hukuncinta a addininmu. Amma harkar doki ta fi tsere faɗi. Akwai folo, akwai kiwo da sayarwa, akwai likitancin dabbobi, akwai gyaran ƙofato, ɗinkin sirdi da kayan ado, da koyar da yara hawa. Ta fuskar cuɗanya da maza da tafiye-tafiye kuwa, wannan magana ce ta kowane gida da malamansa, ba ni zan yanke wa kowa ba. Haɗari ma gaskiya ne, labarin Michelle ya isa shaida. Duk mai hawa, mace ko namiji, ya sa hular kwano.

Abin da ba za mu iya cewa ba shi ne wai mace ba ta iyawa, ko wai baƙon abu ne a wurinmu. Tun muna firamare, duk inda aka zana Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki muke ganin ta. A gidajenmu kuma, wa ke kiwon ragon layya da tumakin da ake sayarwa a biya kuɗin makaranta? Iyayenmu mata ne. Sanin dabba ba sabon abu ba ne a hannunsu.

Mu da ke nan Kudu

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Duniya ta yarda mun san doki. Amma a nan inda muke zaune, yawancin dawakin da muke kawowa na yanka ne, ko na bikin binne mamaci a ƙauyukan yankin Nsukka. Mukan sayar da dabbar, ilimin da ke tare da ita kuma ya tafi a banza.

Ga abin da nake gani za mu iya. Wanda ɗansa ko ƙanensa ke aikin barga a Fatakwal ko Legas, ya matsa masa ya riƙe littafi: sunan kowane doki da ya riƙe, ranar da ya karɓe shi, abin da ya koya masa, gasar da ya shiga. Ya ɗauki bidiyon aikinsa da wayarsa. In zai bar wuri ya nemi takardar shaida daga mai gidansa. Ranar da zai nemi ƙarin albashi ko aiki a wani wuri, wannan ne zai yi masa magana.

Wanda kuma yake da 'ya mai son dabbobi, wadda in akuya ta yi rashin lafiya ita ke fara ganewa, kar a kashe mata gwiwa da cewa aikin maza ne. Jami'ar Nsukka da ke kusa da mu tana da tsangayar likitancin dabbobi, haka Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuma kwalejin kiwon lafiyar dabbobi a Vom ta jihar Filato. Mu da muke asarar shanu a hanya da cikin gariki saboda rashin likita a kusa, wa ya fi mu buƙatar 'yarmu ta zama likitar dabbobi?

Shugabannin unguwanninmu na Inugu, Anaca da Fatakwal su ma suna da rawar takawa. Filin folo na Fatakwal yana yin gasarsa a farkon shekara. Me zai hana a ɗebi ɗaliban Islamiyya, maza da mata, a nemi izini a kai su su gani da idonsu, su kuma gaisa da 'yan uwansu da ke aiki a bargar? Gani ya kori ji.

Da za mu tashi daga wajen mai shayin nan, abokinmu mai musu ya ce shi dai har yanzu ba zai bar ƙanwarsa ta hau doki ba. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ɗana. Amma in dokinka ya kwanta da ciwon ciki cikin dare, aka ce likitar da ke kusa mace ce, ka zo ka faɗa mini abin da ka yi." Abokin namu bai ce uffan ba, ya biya kuɗin shayin Baba.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.